Yadda Minti Biyar Ya Sabunta Keken Goggo

Akwai jahilin da ya san bai sani ba, wannan ana zaman lafiya da shi. Akwai kuma wanda ya yi kwas ɗin kwamfuta na sati uku ya dawo yana rataye da kati a wuya. Mu irin na biyun Allah ya haɗa mu da shi, kuma ba a bakin hanya ba balle mu kauce, a cikin dangi. Mijin 'yar Goggo ne, ita ke nan mata. Shi da bakinsa ya raɗa wa kansa Injiniya, amma duk layinmu Minti Biyar ake ce masa, don babu abin da za a ambata a gabansa bai ce cikin minti biyar zai gama shi ba. Fankar shagon aski da ya karɓa zai gyara cikin minti biyar yau shekararta biyu a kwance, fikafikanta uku suna wurare uku.

Ni 'yar wan Goggo ce, ni ke yanka a shagonta. Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo. Teburin yanka yana bakin ƙofa, kekunan ɗinki biyu a tsakiya, can ƙurya kuma keken surfani mai kai shida, wanda shi ne yake ci da mu. Kwamfuta ce ke ba shi umarni. A cikin kwamfutar akwai manhajar surfani, a cikin manhajar kuma akwai jakar zane, zane ɗari uku da 'yan kai waɗanda Marigayi mijin Goggo ya zauna ya tsara da hannunsa, ɗinki bayan ɗinki, shekara goma sha biyu. Ganye ne, fure ne, tambarin makarantu ne, haruffa masu lanƙwasa da babu mai irinsu. Saboda su mutane ke tsallake shaguna goma su zo mana. Goggo ba ta ajiye hotonsa a bango ba. In kewarsa ta dame ta sai ta buɗe jakar nan ta yi ta wuce zanen ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ke kula mana da kwamfutar wata malama ce, ba ta da yawan magana, amma ta san aikinta. Kafin ta tafi hutun haihuwa ta kafa wa manhajar takunkumi don kada ta sabuntu, sannan ta manna takarda a gefen allo da rubutu manya-manya: KADA A SABUNTA SAI NA DAWO. Ko makaho ya shafa ya san gargaɗi ne.

Ran Litinin da safe muna da aikin riguna arba'in na wani kamfanin masu gadi, kowace riga da sunan mai ita a kan aljihu da zare ruwan gwal. Shugabansu, wani dattijo mai gashin baki da ake kira Sajan, ya ce ran Alhamis yake so, don za su fara aiki a sabon wuri kuma za a duba su a layi. Kwana uku sun ishe mu har da ragi. Sai ga Minti Biyar ya shigo da jakar baya.

"Mama, barka da asuba. Har yanzu da wannan tsohuwar manhajar kuke fama?"

Goggo tana jin nauyinsa, suruki ne. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Lafiya lau take mana aiki."

"Aiki? Wannan rarrafe ne, Mama. Sabuwa ta fito tun wata huɗu. In na ɗora ta, rigunan nan arba'in kafin ki sha ruwa an gama."

Na ce, "Yaya, ka iya karatu kuwa? Ga takarda nan."

Ya dubi takardar ya yi murmushin tausayi. "Ƙanwata, irin wannan don ku ake rubutawa. Likita ba ya rubuta wa likita a sha bayan cin abinci." Ya ɓare ta, ya ninke, ya goge allon da ita.

Ashe da shirinsa ya zo. Ya fito da katuna ɗari biyu da ya buga, an rubuta Babban Injiniyan Manhajoji, ya ce daga shagon Mama zai fara, in layin nan suka ga abin mamaki kowane shago zai miƙa masa kwamfutarsa, kafin shekara ya buɗe ofis mai gilashi. Goggo ta ce, "Ni dai zanen nan, a bi min shi a hankali." Ya ce, "Mama, zane ai ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba." Da ni ce ita, da tsintsiya zan raka shi. Amma ita ta tuna 'yarta ce a gidansa, ta ƙyale shi ya zauna gaban kwamfutar.

Ya buɗe wata baƙar taga a allon, irin wadda babu hoto sai rubutu, ya miƙe yatsu suka yi ƙara. Farkon abin da ya yi shi ne cire takunkumin Malama. Sannan ya sauko da ƙunshin sabuwar manhajar ya ba da umarnin a ɗora.

Daga baya ne Malama ta fahimtar da ni yadda abin yake, bari in faɗa tun yanzu don a gane irin ɓarnar. Kowane ƙunshin manhaja yana tafe da 'yan rubuce-rubucensa na umarni, kamar 'yan rakiya. Akwai wanda ke shiga gaba ya duba ko wuri ya yi kafin a sauke kaya, akwai wanda ke biyo baya ya jera komai a mazauninsa, akwai kuma na ranar fita, masu kwashe kaya da shara. In na gaba ya ce a tsaya, to tsayawa ake yi, don ba ya faɗa a banza.

Na gaban nan kuwa ya ce a tsaya. Rubutu ya fito ja wur. Na leƙa ta kafaɗarsa na karanta: babu isasshen wurin da za a ajiye kwafi, an dakata.

"Kwafin me?" in ji ni.

"Surutu ne kawai. Haka suke yi, su gwada ko mutum matsoraci ne."

Ya sake bugawa, ja. Ya sake, ja. Mai aski na maƙwabtanmu, wanda fankarsa ke kwance, ya leƙo da almakashi a hannu.

"Injiniya, minti nawa suka rage?"

"Ka koma kan ƙeyar mutane, wannan ba fanninka ba ne."

"Ai na ga ta yi ja ne. Fankata ma da ja ta fara."

Wannan maganar ce ta harzuƙa shi. Ya farke ƙunshin, ya lalubo ɗan rubutun nan mai shiga gaba, layi kusan sittin, ya shafe su kaf, ya bar layi ɗaya tal mai cewa komai lafiya. Ya mayar ya ƙulle. Ya juyo yana duban mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ga wannan? A sati na uku ake koyar da shi, kuma ba kowa ake koya wa ba. Rubutun da ya cika tsiwa yanke masa harshe ake yi."

Ya ba da umarni, rubutu ya yi ta gudu fari tas, ya harɗe hannuwa yana kaɗa ƙafa. Can sai abu ya cije. Sabuwar manhajar ta ce tana buƙatar wani ƙunshin daban wanda babu shi a kwamfutar, kuma wanda ke akwai ya tsufa. Ta tsaya a nan. Tsohuwa an kwance ta, sabuwa an zube kayanta ba a jera ba. Na danna alamar manhajar, ko motsi. Keken surfani ya yi tsit da kawunansa shida.

"Yaya, me ke nan?"

Ya duba jerin ƙunshe-ƙunshen, ya nuna min wasu haruffa biyu a gefen sunan manhajar. "Kin gani? Wannan yana nufin an sauke, saura shimfiɗawa. Rabi ya shiga. Rabin nasara ke nan."

"Wato an yanka ba a ɗinka ba."

"Kusan haka."

"To in na ba ka wando an yanka ba a ɗinka ba, za ka fita da shi?"

Mai aski ya ce daga bakin ƙofa, "Zai fita mana, ya ce rabin sutura ce."

Haka Litinin ta wuce, ko harafi ɗaya ba mu ɗinka ba. Goggo ta yi ta goge rigunan da ba su buƙatar guga. Sau biyu tana tambaya, "Zanen dai yana nan ko?" Sau biyu yana cewa, "Yana nan daram, Mama."

Talata ya zo da tabarau baƙi da wata takarda da ya kwafo umarni a kai. Ya ce jiya lallashi ya yi, yau kuwa ranar iko ce. Ya bayyana mana cewa kowane umarni ana iya ɗaura masa wutsiya, wato 'yar kalma a ƙarshe mai sauya yadda zai yi aiki. Akwai wutsiyar gwaji, wadda ke nuna abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba.

Na ce, "To sa wannan mana."

"Wannan ta 'yan koyo ce."

Wadda ya zaɓa ita ce ta tilas, kuma ba tilas ɗin abu ɗaya ba, ta tilasta komai da komai: a ɗora ko da abin da ake buƙata babu, a danne ko da wani ya riga ya zauna a wurin. Ya ƙara wata wutsiyar mai amsa eh ga duk tambayar da kwamfuta za ta yi, don a cewarsa babban injiniya ba ya zama yana hira da na'ura. Ya ƙara ta uku, mai cewa duk inda saitinmu ya yi karo da na sabuwar manhaja a ɗauki nata a zubar da namu. Saitinmu kuwa shi ne wanda Marigayi ya daidaita tun farko: wace allura ke ɗauke da wane zare, daga ina ake ɗauko sunaye, da wane sauri. Umarnin ya yi tsawo har ya naɗo layi na biyu, shi kuma yana kallonsa kamar ya haifi ɗa namiji.

Ya danna. Keken ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, fitilunsa suka kama, kawuna shida suka sunkuya a tare suka fara caccakar iska. Minti Biyar ya yi tsalle ya isa gabansa, ya dafa firam ɗin da ake ɗaure ƙyalle a kai yana ihu, "Ku zo ku gani! Ya tashi!" Kai na uku ya kama bakin hannun rigarsa ya ɗinke shi da ƙyallen gwaji, ɗinki mai kyau kuwa, layi biyu.

"Kashe! Ƙanwata, kashe!"

"Da wace wutsiyar?"

"Cire wayar bango!"

Kafin in kai ga soket mai aski ya shigo, mai fenti na tsallaken titi ya shigo, wata mata da ta kawo ɗinkin cin baki ta ajiye ledarta ta zauna don ta kalla da kyau. Da almakashin yanka na raba shi da keken. Ya fita da hannun riga ɗaya dogo ɗaya gajere, yana gaya wa jama'a wannan gwajin ƙarfin allura ne, kuma allurar ta ci jarrabawa.

Sauran yinin ya ƙare wajen gyara abin da tilas ta tattake. Ya tilasta wannan, wancan ya karye, ya tilasta wancan, agogon kwamfutar ya koma wata shekara da ba a haife ni ba. Duk da haka, dab da tashinmu, manhajar ta buɗe, sabuwa fil, shuɗiya, da wani tsuntsu yana kaɗa fiffike a kusurwa. Goggo ta matso da sauri. "Buɗe min jakar." Ya buɗe. Zanen na nan, duka. Ta sauke ajiyar zuciya, har ta ce masa sannu da aiki. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na ɗan ji kunyar zagin da na yi ta yi masa a zuci.

Laraba da hantsi ya ce zaren gwal ba zai isa ba, mu je mu ƙaro, kuma mu biya mu kai labulen da aka gama. Ya ce shi zai fara ɗora rigunan a firam kafin mu dawo. Goggo ta ce kada ya kunna sai tana nan. Ya ce, "Haba Mama." Wannan haba ɗin ba eh ba ce, ba a'a ba ce, kuma mun sani, amma muka tafi.

Awa uku muka yi. Da muka dawo, tun daga nesa na hango taro a ƙofar shago. Na ce gobara ce. Ashe gayya ce. Minti Biyar ya fito da teburin yankana waje, ya jera riguna arba'in a kai, kowace a ninke cikin ledarta, aljihu a ƙasa. Ya bi shago-shago ya kira mutane, ya raba katunansa, sannan ya buga wa Sajan waya ya ce ya zo da mutanensa yau, aikin Alhamis an gama shi Laraba.

"Mama, awa biyu da minti goma!" Ya ɗaga wayarsa. "Na ɗauki bidiyon kaina tun daga farko har ƙarshe."

Na ce, "Ka duba su kuwa?"

"Injiniya ba ya duba aikin na'ura, na'ura ce ke duba aikin mutum."

Na kai hannu zan buɗe leda ɗaya ya buge min hannu, wai zan sa musu datti. Daidai nan motar masu gadi ta tsaya. Suka diro su wajen ashirin, Sajan a gaba, gashin bakinsa a murɗe. Minti Biyar ya yi jawabi. Ya ce zamanin rarrafe ya wuce a layin nan, ya ce duk mai kwamfutar da ke son shiga zamani ga katinsa. Sannan ya ce kowa ya ɗauki riga ya saka a nan, jama'a su shaida.

Sajan ya ce, "Ta yaya kowa zai gane tasa?"

"Ai suna na jiki, ranka ya daɗe."

Wani dogo ya farke leda ya warware riga. Ya duba aljihu, ya ƙara dubawa, ya miƙa wa na kusa da shi. Shi ma ya buɗe tasa. Sai ledoji suka yi ta ƙara. Sajan ya zaro tabarau ya ɗora a hanci ya karanta da ƙarfi, don shi mutum ne da ya saba karanta abu da ƙarfi:

"SUNANKA A NAN."

Da jan zare, ja kamar jini, haruffa ƙatti. Ya ɗauki ta biyu. "SUNANKA A NAN." Ta uku ma haka. Riguna arba'in, babu wadda ta yi saɓo. Sabon saitin da aka ce a ɗauka a zubar da namu bai san jerin sunayenmu ba, bai san allurar gwal ba. Rubutun gwajin da ya zo da shi daga masana'anta shi ya yi ta bugawa, mai aikin kuma yana can yana kallon fuskarsa a waya.

Mai aski ne ya fara. Dariya ta kama shi har ya zauna a kan dakalin mai fenti yana dukan cinya. Wani mai gadi ya saka tasa ya ƙame ya sara wa ɗan uwansa: "Sunanka A Nan yana gaisuwa!" Ɗayan ya amsa, "Sunanka A Nan ya karɓa!" Matar cin baki, wadda ta dawo karɓar kayanta, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kamfanin da ya ɗauki 'yan gida ɗaya har arba'in ba.

Sajan bai yi dariya ba. Ya dubi Goggo, don ita ya ba aiki. "Hajiya, gobe ƙarfe takwas za a duba mu. In ce da su wa?"

Goggo ta dubi rigunan da ke kan teburin. Shekara goma sha biyu ba a taɓa dawo mata da aiki ba, yau ga shi an shanya ta a titi. Na ji kamar in haɗiye almakashina don takaici.

Nan ne fa ya kamata Minti Biyar ya nemi wuri ya zauna. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya ɗaga hannu. "Jama'a, a kwantar da hankali. Laifin sabuwar manhajar ne, ba a gama ta da kyau ba daga can. Yanzu zan cire ta in mayar da tsohuwar. Minti biyar."

Titi gaba ɗaya ya amsa, "Minti biyar!"

Ya shige ciki, jama'a suka bi shi har shagon ya cika. Na kutsa na tsaya a bayansa. Ya rubuta umarnin cirewa. Mai aski, yana share hawaye, ya ce, "Injiniya, a cire da kyau fa, kada a bar rabin nasara."

"Za ka gani." Ya goge kalmar ya sa wata. Ya ce da jama'a, "Cirewa iri biyu ce. Akwai ta ragwaye, wadda ke fitar da manhaja ta bar tarkacenta. Akwai kuma sharewa tas, ko ƙura ba ta bari. Ni tas nake yi."

Na ce, "Yaya, tarkacen nan me da me ne a ciki?"

"Tarkace dai."

"Tsaya mu kira Malama."

"Mai jego? Ki bar ta ta huta."

Ya manna wutsiyoyinsa na jiya, har da mai amsa eh, ya danna. Rubutu ya zubo da gudu. A tsakiyarsa na hango layi ɗaya da alamar tambaya a ƙarshe, na kuma hango kalmar zane a ciki. Kafin in ce tsaya, kwamfutar ta amsa wa kanta eh ta wuce. Ɗan rubutun ranar fita ya yi aikinsa tsaf, don shi ba wanda ya yanke masa harshe.

Ya mayar da tsohuwar manhajar. Ta hau lafiya lau, ta buɗe da fuskarta da muka sani. Ya juyo yana washe baki, "Nawa na ce muku?" Goggo ta ratsa mutane ta zo. Wannan karon ba ta roƙe shi ba, ta karɓi linzamin kwamfutar da kanta ta danna jakar zane.

Fari fat. Ta rufe ta sake buɗewa. Ta sake.

"Ina zanen?"

"Yana nan, Mama, wataƙila ya ɗan..."

"Ina zanen Malam?"

Ban taɓa jin ta kira Marigayi a gaban mutane ba sai ran nan. Dariya ta yanke, har ta mai aski. Masu gadi suka fara zamewa waje ɗaya bayan ɗaya, suna cire rigunan a hankali.

Ni na kira Malama. Ta zo da la'asar da jaririnta a baya, ba ta gaisa da kowa sosai ba, ta zauna ta karanta tarihin duk umarnin da aka bayar tun Litinin, don ashe kwamfuta tana rubuta komai. Minti Biyar yana tsaye yana cewa ai dama yana shirin kiranta su yi shawara irin ta abokan sana'a.

Ta ce, "Wa ya taɓa rubutun da ke shiga gaba?"

"Ni ne. Ya yi ta kawo cikas, sai na..."

"Ka karanta shi kafin ka goge?"

"Ai layi sittin ne."

"Aikinsa ɗaya. Ya kwafi jakar zane ya ɓoye a gefe kafin a taɓa komai. Ya ga wuri ya cika, ya ƙi yarda a ci gaba ba kwafi. Shi ya sa na kafa takunkumi, na ce a jira ni in kawo ma'ajiya babba. Sau uku yana hana ka." Ta gangara ƙasa da yatsa. "Nan kuma an tambaye ka, a share har da zane? Ka riga ka ce eh tun kafin a tambaya. Da cirewar ragwayen ka yi, da yanzu komai na nan."

Mai aski ya ce a hankali, "Ashe duk shagon nan rubutun nan ne kaɗai ya yi ƙarfin halin ce masa a'a."

Maganar ta soki Goggo, na gani a fuskarta, ta soke ni ni ma. Malama ta kwashe awa biyu tana tono. Da yake Minti Biyar ya ɗora tsohuwar manhajar a kan wurin da aka share, yawanci sun tattake. Zane goma sha ɗaya ta ceto, cikin ɗari uku da 'yan kai. Haruffan Marigayi masu lanƙwasa ba sa ciki.

Sajan ya yi mana adalcin da ba mu ci ba. Ya ce mutanensa za su je da tsofaffin riguna gobe, ya ba mu zuwa Litinin, amma jan zaren nan a cire shi sili-sili, kada a huda masa aljihu ko ɗaya.

Washegari da safe Goggo ta sa na fitar da benci ƙofar shago, daidai inda aka yi jawabi. Ta aika aka kira surukinta. Da ya zo ba ta yi masa faɗa ba. Ta ajiye riguna arba'in a gefensa, ta ɗora reza ɗaya a kai, ta koma ciki. Duk wanda ya taɓa farke surfani ya san harafi ɗaya sai ya ci minti ashirin in ana son ƙyalle ya tsira, kuma kowace riga haruffa goma sha ɗaya ne. Masu wucewa suna tsayawa su gaishe shi da sabon sunansa, Sunanka A Nan. Mai aski ya fito da gawar fankarsa ya jingine kusa da shi, wai in ya samu minti biyar. Katunan nan ɗari biyu kuwa, mai fenti ya ce suna da kyau wajen kankare fenti daga gilashi.

Goggo tana ciki. Ta ciro tsohon labulen ƙofar shagon, wanda Marigayi ya yi wa surfanin ganyensa na farko, ta shimfiɗa a teburina. Ta sa tabarau, ta ɗauki allura tana bin ɗinkin tana ƙirgawa, Malama ta nuna min yadda zan riƙa shigar da shi kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo. Zuwa azahar mun gama rabin ganye ɗaya.

Minti Biyar ya leƙo, yatsunsa duk jan zare, idonsa ya yi zuru-zuru. Na ɗauka haƙuri ya zo bayarwa.

"Mama, na ce ba, akwai wata manhaja da ke ɗaukar hoton ɗinki ta mayar da shi zane da kanta. In kika ba ni kwamfutar nan..."

Goggo ba ta ɗago ba. Allurarta tana kan ɗinki na ɗari da bakwai, ta riƙe wurin da farce don kada ya ɓace mata.

"Riga nawa ka gama?"

"Ɗaya, Mama. Da rabi."

"Saura talatin da takwas da rabi," in ji ta. Ta dube ni. "Ɗari da takwas. Rubuta."